Ɗinkin Sakkwato a Ƙafar Dogo

Duk wanda ya taɓa shiga farar motar Sagiru a Doha ya san dokokinsa biyu. Ta farko, ba a cin abu mai maiƙo a ciki. Ta biyu, ba a yin mantuwa a motarsa abu ya salwanta. Ta farkon kullum karya ta ake yi, don 'yan ƙwallon kwandon da yake ɗauka in yunwa ta taso musu ko alƙalin wasa ba sa ji, balle direba. Ta biyun kuwa, ai ko maɓallin riga ne ya faɗa ƙarƙashin kujera, washegari za ka same shi a ƙulle cikin leda yana jiranka. Shekara shida yana tuƙa wa kulob ɗin 'yan wasan nan mota, ba a taɓa cewa ga abin da ya ɓata ta hannunsa ba. Da wannan yake taƙama, kuma in ka kuskura ka ba shi fili sai ya gundure ka da labarin.

Gajere ne, suna ya bi jiki, don Sagiru a Larabce ƙarami ke nan, ga ɗan tumbi da ya fara leƙowa tun da ya gano shinkafar Larabawa. Mutumin Sakkwato ne. In ka tambaye shi sana'ar gidansu, sai ya gyara wuyan riga ya ce mahaifinsa ɗan kasuwar fata ne. To, ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma gaskiyar an shafa mata hoda. Malam Wahidu baduku ne, baduku na zaure, mai zama a kan buzu daga hantsi zuwa la'asar da basilla a hannu, yana ɗinka takalma da jakunkuna da kuben wuƙa. Tun Sagiru yana shekara bakwai aka zaunar da shi a gefe aka danƙa masa zare da kakin zuma. Hannunsa kuwa ya faɗa, har uban kan ɗauki ɗinkinsa ya nuna wa abokai. Sai wata rana a makaranta wata yarinya ta toshe hanci ta ce wa ke warin fata a ajin nan, aji ya kwashe da dariya. Shi ke nan! Maganar da ba ta kai ta kawo ba, ita ta raba shi da zauren ubansa. Yana shekara goma sha biyar ya gudu tasha ya zama yaron mota. Malam Wahidu bai yi faɗa ba. Ya dube shi kawai ya ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Daga yaron mota ya zama direba, Sakkwato zuwa Gusau, Gusau zuwa Sakkwato, har ya san kowane ramin hanyar da halinsa. Ya auri Haulatu, suka haifi Wasilatu, sannan hanyar Qatar ta buɗe. Zuwan farko ba mota aka ba shi ba, gadi aka ba shi a ƙofar wasu gidaje a Al Aziziya. Shekara uku yana tsaye cikin rana mai ƙona ƙeya, yana ɗaga wa motocin mutane ƙarfen ƙofa, yana kallon yadda suke tuƙi yana tsaki. Sau huɗu ya je gwajin lasisi. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu a kan titin Gusau, wai shi ake kayarwa don bai kunna sigina ba! A na huɗun ya ci, ya faɗi ya yi sujada a nan filin gwajin.

Yana gadin nan ne Malam Wahidu ya rasu. Kafin takardun tafiya su fito an yi addu'ar bakwai, kafin ya isa gida an share makoki. Wannan abu ya tsaya masa a rai, ba ya son ko a taɓo zancen. Da ya dawo Doha yana kwance kaya, sai ga wani ɗan ƙunshi na jar fata a ƙasan jaka. Basillar uban ce, Haulatu ta cusa masa ba ta ce uffan ba. Ya rasa yadda zai yi da ita. Yarwa ba ta yiwuwa, kallonta kuma na tayar masa da hankali. Da ya samu mota sai ya jefa ta cikin aljihun gaban motar, ya mai da ita abin ƙwaƙule tsakuwa daga taya.

Shekara biyu da suka wuce kulob ya ɗauko wani ɗan wasa daga Ostireliya, aka tura Sagiru filin jirgi da kwali an rubuta Lachlan Dunmore. Ya ɗaga kwalin yana ta leƙen fuskoki, sai ya ji inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, hularsa ta faɗi.

"La'ilaha illallahu," in ji Sagiru, "wanga duk mutum guda ne?"

Sunan kwalin bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Tun daga ranar Dogo yake ce masa, har koci da sauran 'yan wasa suka ɗauka, har shi mai sunan yake amsawa.

Kulob ya kama wa Dogo gida a Al Gharrafa, aka ce Sagiru ne zai riƙa kai shi atisaye yana dawo da shi. Dogo kuwa bakinsa ba ya shiru. Da Turancin Sagiru na tasha, da Larabcin Dogo da bai wuce yalla da khalas ba, da hannu da ido, suka fahimci juna tsaf. A cikin cunkoson motoci Sagiru ya haddace rayuwar mutumin nan kaf. A gonar tumaki aka haife shi, inda in kana son ganin maƙwabci sai ka yi tafiyar awa guda a mota. Sana'ar ubansa yi wa tumaki aski, abin da Sagiru ya kwana uku yana yi wa dariya, wai tunkiya da wanzami. Kwandonsa na farko bakin wata tsohuwar ganga ne da uban ya yanke ya kafa a jikin rumbu. Yana shekara goma sha tara wani kulob a Adelaide ya ɗauke shi, daga nan ƙafa ta buɗe. Ya buga a Jamus, ya buga a Lituweniya inda ya ce har gashin hancinsa ya daskare, ya yi Manila, ya yi Japan, ya yi Beirut. An yi masa aiki a gwiwa sau biyu. An taɓa sallamarsa ta waya yana tsaye a kanti da kwandon cefane a hannu. Bai taɓa zama irin tauraron da yara ke liƙa hotonsa a bango ba. Aikinsa ya tsaya ƙarƙashin kwando ya sha turereniya da gwiwar hannu, ya cafko ƙwallo ya miƙa wa wanda za a tafa wa.

"Ashe kai ma ɗan ci-rani ne," in ji Sagiru ranar da ya gama jin jerin garuruwan. "Bambancinmu tsawo."

Dogo ya yi dariya har kansa ya bugi rufin mota. Sau ɗaya ne kawai hirarsu ta mutu, ranar da Dogo ya ce yana Japan ubansa ya rasu, kafin jirgi ya sauke shi an riga an binne. Sagiru ya ƙura wa titi ido, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Nasa labarin kuwa ya bar shi a ransa.

Akwai wata tsohuwar shuɗiyar jaka da Dogo ke zuwa da ita duk ranar wasa. Sauran kaya Sagiru ke ɗauka, amma ban da wannan. Dogo ne ke rungume ta, ya tura ta ƙarƙashin bencin da yake zama, in an tashi ya sake rungumo abarsa. Sagiru ya gani ya gane, ko dai ya zaci ya gane. A Sakkwato ya tashi, ya ga 'yan kokawa ya ga 'yan dambe, ya san babu mai shiga fage hannu rabbana. Ya ce a ransa, ashe Bature ma da abin da ya taka. Mutum mai tarbiyya kuwa ba ya leƙa jakar asirin wani, ba ya ma tambaya. In Dogo ya ja zif a gabansa, sai Sagiru ya kau da kai ya shiga goge madubi. Shekara biyu cur bai san abin da ke cikin jakar nan ba, kuma yana ganin hakan shi ne cikar mutunci.

Bana Dogo ya cika shekara talatin da bakwai, gwiwa ta ce ita kam ta gaji. Ya sanar cewa wasan ranar Alhamis, wanda zai rufe kakar wasannin bana, shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, Asabar ya hau jirgi ya koma gonar tumaki. To, a Doha akwai wata al'ada da duk direba da mai aikin gida ya sani. In maigida zai bar ƙasar, abin da ba zai ɗauka ba yakan tara shi a bakin ƙofa. Wannan rabon masu yi masa hidima ne, su kuma su kai wa masu kago, wato masu loda kaya a jirgin ruwa, a aika musu gida. Ranar Laraba Dogo ya nuna wa Sagiru tarin kaya a bakin ƙofa ya ce, "Duk abin da ke nan naka ne, kwashe." Ya shige wanka.

Sagiru bai yi wata-wata ba. Tukunyar shinkafa ta lantarki, wannan ta Haulatu ce. Fitilar karatu, Wasilatu. Bargo, tawul-tawul, injin markaɗe, riguna da kowace ɗaya za ta rufe mutum biyu. Can gefe, ɗan nesa kaɗan da tarin, ga wasu tsofaffin takalman wasa, farare da suka koma ruwan ƙasa, duk an yi musu rubuce-rubuce da baƙin alƙalami, girmansu lamba hamsin da biyu. Ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ai sai dai a kwantar da jariri a ciki. Amma kyauta ba a raina ta. Ya haɗa da su ya zuba a but, ya kai wa Bawah mai kago a Al Wakrah, ya dawo yana 'yar waƙarsa.

Alhamis da ƙarfe bakwai na safe yana shan shayi waya ta yi ƙara.

"Sagiru," in ji Dogo, da wata murya da bai taɓa jin sa da ita ba, "jiya ka ga wasu tsofaffin takalma kusa da ƙofa?"

"Na gani, Oga Dogo. Na kwashe su da sauran kaya."

Sannan Dogo ya ce zif ɗin shuɗiyar jakar ne ya lalace, shi ya sa ya fito da su ya ajiye a bakin ƙofa don kada ya manta da su yau. Su ne abin da ke cikin jakar. Ubansa ne ya saya masa su ranar da zai tafi Adelaide, kuma shekara goma sha takwas bai taɓa shiga fili ba sai suna ƙarƙashin bencinsa.

"Ba laifinka ba ne," in ji shi. "Ni na ce ka kwashe."

Wannan "ba laifinka ba ne" ta fi wa Sagiru mari zafi. Shayin ya fita ransa. Shi da ke mayar da maɓallin riga, yau shi ne ya kwashe wa mutum abin da ya fi komai daraja a wurinsa, kuma ranar wasansa na ƙarshe! Rashin sani ya fi dare duhu. Da ya leƙa jakar nan sau ɗaya, sau ɗaya tak, da duk haka ba ta faru ba.

"Oga Dogo, ƙarfe huɗu zan zo ɗaukarka kamar kullum. Da takalmanka zan zo."

Ya faɗa da ƙarfin hali, alhali ya san duk Alhamis da azahar babbar mota ke zuwa ta kwashi kayan Bawah zuwa tashar jiragen ruwa.

Bawah mutumin Zangon Kumasi ne, ƙato mai fara'a, yana da rumfar kago a bayan garin Al Wakrah. A manyan gangunan roba yake cusa kayan mutane, ya liƙe, ya aika Legas da Tema. Aƙidarsa ɗaya ce, ba a ɗora wa jirgi iska. Tukunya ba ta tafiya wayam sai an cika cikinta da safa. Butar shayi a ɗura mata dabino. Takalmi kuwa, a wurin Bawah, gidan kwalaben turare ne.

"Kai, masa, takalmin nan alheri ne!" in ji Bawah da ya ji abin da ke tafe da shi, don a bakinsa kowa "masa" ne, wato maigida a Turancin garinsu. "Kowane ƙafa kwalba tara ya ci. Tun da nake ban ga irinsa ba."

"Bawah, bar zancen kwalba. Wace ganga?"

Bawah ya waiwaya ya dubi ganguna arba'in da uku, duk shuɗɗa, duk a liƙe, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sosa ƙeya. Ya ce sauran kayan Sagiru dai suna ganga ta bakwai, amma takalman ya ara wa wata gangar da turare ya yi wa yawa. Wacce ce kuwa, Allah masani.

Suka tuɓe riguna suka shiga aiki. A yanke tef, a buɗe marfi, a zazzage, a mayar, a liƙe. Bawah yana yi yana mita, wai bai taɓa ganin wanda ya tayar da ganguna arba'in saboda takalmin da ko kare ba zai ɗauka ba. Sun ga abin duniya a gangunan nan, abayoyi, madarar gari, keken yara an kwance shi gunduwa-gunduwa, wata gangar ma agogon bango ne har goma sha ɗaya, duk suna tafiya. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, a ganga ta ashirin da tara, Bawah ya zura hannu ya yi kabbara.

Na dama lafiya lau ya fito, sai ƙamshin turare da ya sha. Na hagu ne matsalar. Don ya shige ɗan lungun da ya rage, Bawah ya lanƙwasa shi biyu ya danna da gwiwa. Ina gam ɗin shekara goma sha takwas zai jure wannan? Tafin ya rabu da saman tun daga dunduniya har kusan yatsu, yana ta reto, bayan dunduniyar kuma ya tsage. Sagiru ya zauna daɓas a ƙasa. Ba don kunyar Bawah ba, da kuka zai yi.

"Kada ka damu, masa," in ji Bawah. "Akwai gam mai ƙarfi a kantin can. Mu shafa mu danne, ka kai masa. Ba zai gane ba."

"Gam ba ya kama wanga," in ji Sagiru. "Robar ta mutu. Ka duba nan, fatar saman da sauran ranta, ita za ta riƙe. Sai an huda ta gefe an bi da zare biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a yi wa dunduniya maho da fata."

Bawah ya saki baki yana kallonsa. Shi ma Sagiru ya yi mamakin abin da ya fito daga bakinsa. Sai ya miƙe ya nufi mota, ya buɗe aljihun gaba.

Zare ne ya so ya ba su wahala, sai Bawah ya tuna da masunta. Ya garzaya bakin ruwa inda suke gyaran raga, ya dawo da zare mai ƙwari da guntun kyandir na murza shi. Kafin ya dawo Sagiru ya wasa bakin basillar a jikin siminti, don tsakuwar taya ta daƙushe ta. Jar fatar da aka naɗe ta a ciki kuwa ya shimfiɗa a cinya ya daɗe yana shafawa. Jimar Sakkwato ce ta gaske, kuma yankan Malam Wahidu ne, ga sawun wuƙarsa a gefe. Ya yi bisimilla ya raba ta biyu.

Ya zauna a kan kwali, ya matse takalmin tsakanin gwiwoyi. Huda uku na farko sun karkace, ya soki yatsa, ya yi tsaki. Daga ta huɗu hannu ya tuna. Shekara ashirin da shida rabonsa da irin wannan zama, amma sai ga yatsu suna tafiya da kansu, a huda, a zura, a ja. Har ɗan cizon leɓen da uban ke yi in zai ja zare, ga shi nan a bakinsa. Babbar mota ta zo, aka loda ganguna, ta tafi, bai ɗago kai ba.

"Masa," in ji Bawah, yana tsugune a gefe, "haka 'yan kasuwar fata ke ɗinki a garinku?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Sagiru. "Babana baduku ne. Babu kamarsa a unguwarmu. Ni ne dai shashasha."

Bawah bai yi dariya ba, abin da ba a saba gani ba.

Yana ɗinki yana karanta rubutun jikin takalmin. Ashe sunayen garuruwa ne, duk waɗanda ya sha ji a mota. Ga Adelaide a kan yatsu ta kusa gogewa, ga Manila, ga Beirut. Doha ce kawai babu, an bar mata ɗan fili a gefe. A cikin harshen takalmin kuma akwai wani rubutu daban, na hannun da bai saba da alƙalami ba. Ya miƙa wa Bawah, wanda ya fi shi Turanci.

"Ya ce, je ka ga duniya, ƙofa a buɗe take. Baba."

Sagiru ya karɓi takalmin ya sunkuyar da kai. Shi ma an bar masa ƙofa a buɗe shekara da shekaru, bai shiga ba har mai zauren ya tafi. Hawaye ya ɗiga a kan jar fatar, ya sa babban yatsa ya goge. Da ya gama na hagu ya dubi na dama, ya ga shi ma tafinsa ya fara buɗe baki, sai ya bi shi da zare.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar ya tsaya a ƙofar gidan Al Gharrafa. Dogo na zaune a kan matakala, gwiwoyi har kunne. Sagiru ya fito riƙe da takalman da hannu biyu, ya faɗi komai bai rage ba, tun daga ganga da kwalabe har lanƙwasawa da tsagewa.

"Na ɓata maka abin babanka," in ji shi, "na kuma sa hannu a kai ba da izininka ba. In ka yi fushi, da gaskiyarka."

Dogo ya karɓi na hagun ya juya shi. Ga ɗinki ya zagaye tafin, ƙanana a jere kamar ƙwayar masara. Ga jar fata a dunduniya tana ɗaukar ido. Ya shinshina, ya yi atishawa, don turaren gangar Bawah ba na wasa ba ne. Ya lanƙwasa takalmin, ya ja tafin da iya ƙarfinsa. Ko gezau.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wa ya koya maka?"

"Babana. Fatar ma tasa ce. Shi ma ina nan ya rasu, ban samu jana'izarsa ba."

Dogo ya shafa jar fatar da yatsa. Sannan ya ce shekara goma sha shida rabon da ya sa takalman nan a ƙafa, tun da tafin ya fara ɗagawa, ajiye su kawai yake yi ƙarƙashin benci. Ya sake jan zaren da farce ya ce, "Zai ɗauki mutum?"

Nan fa jinin dukawa ya motsa. "Oga Dogo, ɗinkin gidanmu ko raƙumi ya taka ba ya kwancewa."

Bai san abin da bakinsa ya jawo masa ba sai da wasa ya kusa tashi. Da sababbin takalma Dogo ya buga, tsofaffin na ƙarƙashin benci kamar kullum, Sagiru na tsaye bakin ƙofar fili inda direbobi ke tsayawa, hankalinsa kwance. Saura minti uku koci ya nemi ɗan hutu. Sai ga Dogo ya sunkuya yana kwance igiya. Ya jawo tsofaffin ya zura. Sagiru ya dafe kai. Innalillahi! Raƙumin da ya faɗa ai cika baki ne! Mutum mai nauyin buhun shinkafa biyu da rabi, da gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu, a kan zaren masunta. In ɗinkin nan ya ɓalle yana sama, da wane ido zai kalli mutane?

Minti ukun ƙwallon kwando kuwa ba ya ƙarewa, a busa a tsaya, a busa a tsaya. Jama'a na kallon ƙwallo, Sagiru na kallon dunduniya. Jar fata ta ruga can, ta ci birki da ƙara, ta juyo. Ta tashi sama, ransa ya bi ta, ta dira, ya sauke numfashi. Duk addu'ar da ya iya sai da ya karanto, har da ta shiga kasuwa. Ya ji fili ya ɗauki ihu, bai san dalili ba. Daga baya ne aka gaya masa Dogo ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a kwando da hannu biyu, abin da rabonsa da yi tun kafin aikin gwiwa na biyu, kuma duk da haka an ci su da maki huɗu. Shi dai abin da ya gani da idonsa, an busa tashi, ɗinki na nan daram.

Da aka gama tafi da rungume-rungume da hotuna, Dogo ya ratso fili har bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa don tsawonsu ya zo daidai. Ya cire takalman, ya zaro baƙin alƙalami, ya miƙa wa Sagiru, ya nuna masa ɗan filin nan da aka bari.

"Rubuta Doha."

"A'a. Doha kai ka yi mata wasa, kai za ka rubuta."

Dogo ya rubuta. Sagiru ya karɓi alƙalamin, ya juya na hagun, ya nemi wuri a kan jar fatar. A hankali, yana cizon leɓe, ya rubuta Sakkwato.

"Ban taɓa wasa a can ba," in ji Dogo.

"Yau ka yi," in ji Sagiru. "Minti uku."

Asabar ya kai shi filin jirgi. Takalman ba su shiga akwati ba, a wuya Dogo ya rataye su, duk inda ya gifta ƙamshin turare na biye da shi. A hanyar dawowa Sagiru ya kira Haulatu ya tambaye ta ko kayan aikin Baba suna nan. Ta ce suna nan cikin adaka, wa zai taɓa su?

"Shekara bakwai sai yau ka tuna, Baban Wasila? Ai na zaci a teku ka jefa basillar."

Ya tsaya gidan mai, ya zagaya motar kamar yadda ya saba, sai ga tsakuwa ta maƙale a tayar baya. Hannunsa ya kai aljihun gaba, ya taɓa basillar, tana naɗe cikin rabin fatar da ya rage. Ya mayar da ita ya rufe. Ya tsuguna ya ƙwaƙule tsakuwar da mukullin ɗakinsa.